iPhone 11 ko Camon 30? Ku zo mu waiwayi tarihin waya a Mubi kafin a zaɓa

Jama'a, tun da aka dawo wannan zangon karatu musu ɗaya nake ta ji, a hostal, a teburin mai shayi, har a guruf ɗin ajinmu. Mutum ya yi shekara yana tara kuɗi, ko an sayar da buhunan masara a gida an ba shi rabonsa, yanzu ga shi tsaye tsakanin waya biyu: iPhone 11 Landan-yus, ko Tecno Camon 30 sabuwa dal a kwali. Kuɗinsu babu nisa tsakani. 'Yan iPhone su ce kyamara da sauri, ga ta kuma daidai hannu. 'Yan Tecno su ce batir, faɗin fuska, layi biyu. A ƙarshe kowa ya tashi da ra'ayin da ya zo da shi, sai dai muryoyi sun dushe.

Ni ɗan Mubi ne, nan aka haife ni, nan nake karatu, kuma a ganina musun nan ba zai yanke ba sai mun koma baya mun ga yadda aka yi waɗannan wayoyi suka zama yadda suke. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana ya dawo daga baya.

Mu fara daga 2001. Kafin wannan shekarar duk faɗin Najeriya layukan tarho ba su wuce rabin miliyan ba, kusan duka na NITEL, kuma a ofisoshi da gidajen manya suke. A watan Janairu na 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta canza suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ta zama Airtel da muka sani yau. A farkon nan layi kaɗai, ba waya ba fa, layi, yakan kai naira dubu ashirin ko fiye, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 5,500 ne, na ma'aikatan tarayya 7,500. Kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko sallama kawai ka yi ka kashe an cire maka hamsin ɗinka. Sai da Glo ta shigo a watan Agusta na 2003 da lissafin daƙiƙa, sannan sauran suka bi ba don suna so ba. Ku tambayi iyayenmu zamanin masu lema a bakin titi, inda ake bin layi a biya a yi kira, da kuma zamanin filashin, inda ƙarar waya sau ɗaya ke nufin "na iso lafiya", sau biyu "kira ni, ba ni da kati".

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, tun daga farko ba a taɓa samun kamfani ɗaya da mutum zai dogara da shi ɗari bisa ɗari ba. Kira daga wannan layi zuwa wancan ya fi tsada, kuma sau da yawa ba ya ma shiga. Wannan yana da sabis a cikin gari, wancan sai ka hau tudu. Shi ya sa ɗan kasuwa yake yawo da waya biyu ko uku a aljihun jamfa. A Mubi ma abin ya fi haka, domin mu bakin iyaka muke. Garin nan sai a 1961 ya zama Najeriya sosai, bayan ƙuri'ar raba gardama da Arewacin Kamaru ta Ingila ta zaɓi haɗewa da Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. Har gobe shanun da ke cika kasuwarmu daga Kamaru da Chadi suke gangarowa, kuma dillalin da ke mu'amala da mutanen ƙetaren Sahuda ba ya rasa layin Kamaru a jikinsa, yana lissafi da naira yana lissafi da sefa.

Nokia ce sarauniyar wancan zamani. 3310 ta fito a 2000, 1100 mai tocila a 2003, kuma ita 1100 ɗin an sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Ba kyau ne ya sayar da ita ba. Batir ne mai kwana da kwanaki, da fitila ga mutanen da wuta ba ta zama musu, da jikin da ko ta faɗi ta tarwatse sai ka tattara ka haɗa ta ci gaba da aiki. Har suna muka ba irinsu, rakani kashi, kuma sunan ya faɗi gaskiyar aikin da suke yi. Sai dai Nokia layi ɗaya take ci.

Nan ne wani ɗan Chaina mai suna George Zhu ya hango kasuwa. Ya yi aiki da kamfanin waya na Bird yana sayar musu da kaya a ƙasashen waje, sannan a 2006 ya kafa Transsion, uwar Tecno. A 2008 suka juya akalarsu kacokan zuwa Afirka, kuma Najeriya na cikin wuraren da suka fara kafa ƙafa. Makaminsu na farko shi ne waya mai layi biyu, har mai huɗu sun yi. Sai batir babba, sai lasifika mai ƙara, sai harsunanmu a cikin wayar, har da Hausa. A lokacin raina su ake yi, ana cewa 'yar Chaina, wadda in ta yi ƙara a cikin mota kowa sai ya waiwayo. Amma Itel da Infinix duk 'ya'yan gidan nan ne, kuma zuwa 2017 Transsion ta wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake saya a nahiyar nan daga gidansu suke. Wato idan kuna musun Tecno da Infinix a ɗaki, ku sani kuɗin aljihu ɗaya yake shiga.

A tsakanin nan an yi zamanin BlackBerry, wajen 2010 zuwa 2013, lokacin da tambayar "mene ne fin ɗinki" ta zama gaisuwa a jami'o'i. Yayyenmu sun ci bashi a kanta. Yau ko kyauta aka ba ka sai dai ka ba yara su yi wasa. Na kawo ta ne kawai don masu cewa aji suke saya.

Yanzu bari in zo gida, don a nan ne labarin ya daina zama na kamfanoni. Wanda ya shigo Mubi karatu a shekarun nan, ya ga kasuwa cike, ga Keke Napep ko'ina, ba lalle ya san abin da garin nan ya gani ba. A watan Satumba na 2012 Boko Haram ta bi turakun sadarwa a garuruwan Arewa da dama tana ƙonawa. A daren 1 ga Oktoba na wannan shekarar 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Fatuji, inda ɗalibai ke haya, suka riƙa kiran sunaye suna kashewa. 'Yan sanda suka ce mutum 25, wasu rahotanni suka ce sun haura 40, kuma da yawansu ɗaliban Poly ne da ADSU da makarantar koyon aikin lafiya. Allah ya jiƙansu. Ɗalibai ne irinmu, masu tunanin jarabawa da kuɗin haya. Washegari duk wanda yake da ɗa a Mubi, daga Legas har Sakkwato, abu ɗaya yake yi, yana danna lamba yana addu'ar a ɗauka.

A watan Mayu na 2013 shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sojoji kuma suka sa aka katse sabis ɗin waya baki ɗaya. Mu a Adamawa sai watan Yuli aka maido mana, Borno kuwa ta jima fiye da haka nesa ba kusa ba. Ina yaro lokacin, amma na tuna yadda manya ke zaune da wayoyi a hannu kamar duwatsu. Saƙo ya koma bakin direba. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma neman sabis ɗin Kamaru, mai layin can ya zama abin nema a unguwa.

Sai 29 ga Oktoba na 2014, ranar da garin ya faɗa hannunsu, har suka canza masa suna zuwa Madinatul Islam. Mutane suka fita da ƙafa, wasu kan duwatsu, wasu ta Maiha, wasu suka tsallaka Kamaru suka zaga kafin su kai Yola. Ɗalibai da yawa haka suka bar littattafai da katifu suka shiga daji, ba su ma san hanya ba. Sai tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin. A tafiyar da gidanmu ya yi, manyan wayoyi tun ranar farko suka mutu. Wata ƙaramar waya mai tocila a hannun gwaggona ita ta yi ta aiki, ana kashe ta ana kunnawa, ana cire wannan layi ana sa wancan, kuma da ita muka gano inda sauran 'yan uwa suka nufa. Ba na fatan kowa ya sake ganin irin wannan rana. Amma ku gane dalilin da ya sa in ka nuna wa dattijon Mubi sabuwar waya, ba ya tambayar kyamara. Zai ce, tana riƙe caji? Layi nawa take ci?

To, mu zo kan kyamarar, don nan ne musun ya fi zafi, kuma ita ma tana da nata tarihin. Tun zamanin fim ɗin wanki, kamfanin Kodak na Amurka yana aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, don su daidaita launi da fatarta. Tun shekarun 1950 ake kiransa katin Shirley. Ma'ana fatar Bature ita ce ma'auni, baƙin mutum kuma ya fito yadda ya fito. Masu bincike sun nuna cewa daga cikin abin da ya tura Kodak gyara har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka ce fim ɗin ba ya bambance launukan kayansu. Ku ji fa, cakulan da kujera. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Ku ɗauko tsofaffin hotunan bikin iyayenmu ku duba, za ku ga farar riga tana walƙiya, fuska kuma sai ido da haƙori.

Da kyamara ta koma cikin waya, matsalar ta biyo ta, domin manhajar da ke auna haske da gane fuska da hotunan fararen fata aka fi horar da ita. Injiniyoyin Transsion suka tattara hotunan 'yan Afirka masu yawa suka sake saita lissafin, kuma jerin Camon da ya fara fitowa wajen 2015 a kan wannan alkawari aka gina shi. Google da duk girmanta sai a 2021, da Pixel 6, ta fito tana shelar ta gyara kyamara don baƙar fata. A nan dole a yaba wa Tecno, sun riga manya.

Sai dai ina da magana. Fitar da fuska daban, ƙara mata fari daban. Ku ɗauki hoton kanku da kyamarar gaba ta yawancin wayoyin Android ɗin nan ba tare da kun kashe kwalliyar da ke ciki ba, za ku ga an goge muku fata sumul, an ɗaga haske, har zanen gado na fuska ya dusashe. Mutum ya turo hoto a guruf, ku haɗu a lakca ka wuce shi. A ƙasar da man bilicin ke cin fatar 'yan uwanmu mata, har da maza yanzu, waya mai nuna maka kanka da wani launi kullum ba ƙaramin abu take koya maka ba. Ana iya kashe wannan kwalliyar, amma mutum nawa ke kashewa?

Batun lambobi kuma, kada su ruɗe ku. Camon 30 tana da megafiksel 50 a baya, 50 a gaba. iPhone 11 tana da 12. A kunne kamar an gama magana. Amma irin waɗannan kyamarori masu 50 haɗa ɗigo huɗu suke yi su zama ɗaya, hoton da ke fitowa a saitin yau da kullum wajen 12 da rabi ne. Abin da ke raba gardama shi ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton. A13 da ke cikin iPhone 11, duk da tun Satumba na 2019 ta fito, har yanzu ta fi Helio G99 na Camon 30 ƙarfi, kuma ba da kaɗan ba. Wajen bidiyo musamman, da yadda hoto ke fita a Snapchat da Instagram, 'yan iPhone suna da gaskiya, a ba su. Wayar 2019 da Apple ke ci gaba da sabunta wa manhaja har 2025 ba wasa ba ce. Haka nan idan kun ga an rubuta RAM "8+8" a kwali, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar. Kuma wayoyin gidan Transsion suna zuwa da tarin manhajoji da tallace-tallace da ba ka nema ba, ta nan ma suke rage farashi.

Amma iPhone 11 an ƙera ta ne don mutumin da wuta ba ta ɗaukewa a gidansa, mai intanet na gida, mai layi ɗaya da yake biya duk wata. Batirinta 3,110 ne tun tana sabuwa, Camon 30 kuwa 5,000. Kuma ba sabuwa za ka samu ba. Apple da kanta ta ce batirin irin wannan waya yana sauka zuwa kusan kashi 80 bayan caji cikakke sau 500, to wadda ta yi shekaru a hannun wani a waje, ta bi ta Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano kafin ta iso nan, ku yi lissafi. Ga zafin Maris da Afrilu da ke ƙara cin batir. Ku tuna Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, shagunan caji suka cika maƙil kamar ana rabon kuɗi. Ramin layi kuma ɗaya ne a yawancinsu. E, akwai eSIM, MTN da Airtel suna yi, amma shi ba a zare shi a sa a ƙaramar waya in babbar ta mutu.

Girma ma ba ado ba ne a wurinmu. Mu nawa ne a aji muke da laftof? Handawut a waya muke karantawa, rajistar kwas a waya, furojet wani ma a waya yake buga shi da babban yatsa. Fuska mai inci 6.78 da mai 6.1 ba ɗaya ba ne in kana bin shafi tamanin na PDF da ƙarfe biyun dare. Ma'ajiya kuma, yawancin iPhone 11 da kuɗin ɗalibi ke kaiwa 64GB ce, ba wurin sa memori, ita kuwa Camon ɗin 256. 'Yan uwa mata da ke cewa babbar ba ta shiga ƙaramar jaka kuma tana gajiyar da hannu, na ji, wannan gaskiya ne, kuma babbar waya ta fi saurin ɗaukar idon ɓarawo a kasuwa.

Sai kuɗi, wanda shi ne asalin ciwon. A watan Agusta na 2015 Google da Infinix suka ƙaddamar da Hot 2 a Legas a kan naira 17,500. Yau wannan kuɗin ko gyaran fuska mai kyau ba lalle ya yi ba. Tun da aka saki naira a Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kuma duk waɗannan wayoyi da dala ake shigo da su. A ce wayar da kake hari dubu ɗari uku ce. Mai karɓar dubu ashirin ɗin NELFUND a wata, wata goma sha biyar ke nan bai ci bai sha ba, kuma bashi ne fa, ba kyauta ba. Mahaifin da ke kan mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in, fiye da wata huɗu. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin biyun nan, wataƙila da ita zai gama makaranta har ya tafi hidimar ƙasa. In ta faɗi fuska ta fashe, ta Tecno kusan kowane mai gyara a cikin gari yana da ita ko zai samo maka. Ta iPhone ta asali tsada, ta jabu kuma tana iya zuwa da nata ciwon.

Idan ni aka tambaya, ga ɗalibin da wayar nan ita ce laburarensa, ita ce bankinsa, ita ce kuma igiyar da ta haɗa shi da gida, Camon ɗin zan nuna masa, in ce ya shiga saiti ya kashe kwalliyar fuska tun ranar farko. Amma akwai waɗanda kyamara ce sana'arsu: mai sayar da atamfa da turare a sitatus, mai ɗaukar bidiyon biki da walimar kammala karatu a biya shi, ɗan aikin jarida da ke haɗa rahoto. Su iPhone ɗin za ta iya maido da kuɗinta, ban hana su ba. Wanda kuwa don a ga tambarin tuffa a madubi yake so, kuɗinsa ne, sai dai ya tambayi yayansa ina BlackBerry ɗinsa take.

Ɗan uwa, 'yar uwa, in dai iPhone ɗin ce, kada ku biya sai kun duba lafiyar batir a saiti, kun gwada Face ID da kanku, kun sa layinku kun yi kira, kuma mai shagon ya goge ta a gabanku kun ga ba a kulle take da iCloud ɗin wani ba. Ku karɓi rasit mai lambar IMEI, saboda wayar sata ta jefa ɗalibai da yawa cikin maganar 'yan sanda ba su ji ba ba su gani ba. Sannan a cikin lissafin ku ware kuɗin fawa-bank, da na 'yar ƙaramar Itel mai tocila, ku sa mata layin da mama ta haddace.